Jiragen Kawu a Rabon Gado

Kawu ya rasu wata Laraba da hantsi a gidansa na Tanut, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Daga Allah muke, can kuma za mu koma, shi ya riga mu ne kawai. Ina Damagaram inda nake koyarwa aka kira ni, kafin in samu mota in iso har an kai shi makwancinsa. Ban ga fuskarsa ba, zaman makoki kawai na tarar.

A waje maza sun cika tabarmi. Duk wanda ya zo sai ya yi addu'a, a shafa, ya ce mutumin kirki ne, sannan ya ɗan yi shiru kamar akwai sauran magana. Sauran maganar kowa ya san ta. Wani tsohon direba da suka yi aikin kamiyo, wato babbar mota, tare shi ne ya kasa riƙe ta. Ya ce, "Allah ya jiƙan mai jirage. Wallahi ya taɓa sa muka ƙara kwana a Kano da kaya a mota, wai sai mai shago ya dawo daga ƙauye ya sayar masa da wani ɗan abiyon, jirgin sama na ƙarfe, da bai kai tafin hannuna ba." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi a wurin makoki ana kallon liman. Shi kuma direban yana gama faɗa ya ja rawani ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa.

Cikin gida kuwa tsofaffin hajiyoyi ne suka fi kowa kuka. Wata ta taso tun daga Ollelewa a kan amalanke, ga ta da ciwon gwiwa. Da na durƙusa gaishe ta sai ta kama hannuna ta ce, "Kai ne ɗan ƙanwarsa, mushen lakwal, malamin bokon nan? Ɗan nan, kawunka ne ya hau da ni jirgi. Ba don shi ba da na mutu da tsoro tun a ƙasa." Na ce Allah ya ba shi lada. Ban gaya mata abin da ita ma ta sani ba, cewa Kawu har ya koma ga Allah bai taɓa sa ƙafarsa cikin jirgin sama ba.

Jiragen da ake magana ƙanana ne, na ƙarfen zubi, masu nauyi a hannu, an yi su daidai da na gaske har ƙofofi da tagogi da rubutun jiki. Suna jere a kan katakai a ɗakinsa na kusa da zaure. Da na gama gaisuwa na leƙa ɗakin, sai na ga katakon ƙasa ya yi giɓi nan da can. Ƙarƙashin gado kuma, inda yake ajiye kwalayensu a ninke, babu komai sai tsintsiya.

Na fito ina tambaya. Matan unguwa da suka zo dafa abincin sadaka suka ba ni amsa ba tare da sun daina tuƙi ba. Yaran masu gaisuwa ne suka dame su da kuka, sai aka shiga aka ɗauko wa kowa ɗaya. Kwalaye kuma an yi fifita da su, daga baya aka hura wuta. Da na ɗaga murya wata dattijuwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Haba mushe, kayan wasa fa. An faranta wa yara, ladan yana can ya same shi. Ko so kake ka bi gida-gida ka karɓo sadakar mamaci?" A garinmu abin da aka bayar da sunan mamaci ba ya dawowa. Inna, matar Kawu, tana can ƙuryar ɗakinta ta shiga takaba, ba ta san abin da ake ciki ba. Na sayo kwaɗo na rufe ɗakin, ina jin ana cewa 'yan boko ba su da tawakkali.

Abin ya samo asali ne tun Kawu na saurayi. Wata shekara fari suka sauka a ƙasarmu ta Damargu, aka kawo ƙananan jiragen feshi, aka ɗauki samari aikin mirgina ganguna da korar raƙuma daga filin da jiragen ke sauka. Kawu yana cikinsu. Shi ne mai zuwa da wuri, shi ne kuma mai tsayawa yana shafa fiffike bayan kowa ya tafi. Wani matuƙi Bature ya lura da shi, ya ce gobe ya zo ya zaga da shi sama. Kawu ya koma gida da murna ya gaya wa kakarmu. Ta ce in ya hau wannan abin ba ta yafe ba. Washegari ya je ya tsaya a bakin fili da hannu a baya, jirgi ya tashi ba shi. Ranar da Baturen zai bar gari ya ba shi ɗan ƙaramin jirgi ruwan ɗorawa, irin wanda yake tuƙawa. In Kawu na ba da labarin nan ba ya nuna haushi. Cewa yake, "Tsohuwa ta hana ni babba, Allah ya ba ni ƙarami," sai ya yi dariya ya sa goro a baki.

Daga baya ya zama direban babbar mota, yana arewa yana kudu. Duk garin da ya shiga, wasu na neman gidan abinci, shi yana neman shagon da ake sayar da irin waɗannan. In mutum zai tafi hajji, kowa na roƙon dabino da ruwan Zamzam, Kawu sai ya ja shi gefe ya ce, "In ka ga abiyon na ƙarfe, ba na roba ba, ka tuna da ni." Sau da yawa na roba ake kawo masa, mai batir da wuta ja. Yakan karɓa da hannu biyu ya yi godiya kamar an ba shi raƙumi, da baƙo ya fita kuma ya miƙa wa 'ya'yan maƙwabta.

Bai taɓa ƙirga su ba, bai kuma yarda wani ya ƙirga ba. Na taɓa gwadawa ina yaro, ina nuna su da yatsa, sai ya buge mini hannu. Ya ce, "Ka taɓa jin makiyayi ya ƙirga garkensa a gaban mutane? Albarka kake so ka kora?" Amma in ɗaya ya gusa daga wurinsa ko da faɗin yatsa ne, daga bakin ƙofa zai gane. Ruwa ba ya taɓa su. Da gashin zabo yake share su kowace Juma'a kafin ya tafi masallaci, yana bin tagogin ɗaya bayan ɗaya, harshensa a waje kamar mai sa zare a allura. Akwai mai doro, akwai mai dogon baki da yake kira Zalɓe, akwai na soja da ba ya so sosai amma ya ce ba a korar baƙo.

Maganar hajiyoyi kuwa, ga yadda take. Tsohuwar ƙauye da ba ta taɓa wuce Damagaram ba, in 'ya'yanta suka biya mata Makka, tsoron jirgi yakan hana ta barci. Ban san wanda ya fara ba, amma ya zama al'ada a kawo su wurin Kawu. Sai ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya ɗauko mai doron nan ya ajiye a tsakiya, ya fara karatu. Nan ce ƙofar da za ki shiga. Nan za ki zauna, a ɗaure ki da ɗamara, kada ki ce an kama ki. In kika ji kunnenki ya toshe ki tauna goro. Makewayi yana can baya, in kin danna ya yi ƙara kada ki yi salati da ƙarfi, ba ke zai haɗiye ba. In ya yi girgiza, ramukan hanya ne, sama ma tana da nata kamar hanyar Agadas. Duk wannan daga bakin matuƙa da alhazai ya tsinta, ya haɗa ya riƙe. Wata ta taɓa tambayarsa sau nawa ya hau. Ya ce, "Hajiya, ni mai rakiya ne." Bai taɓa karɓar ko goro a kan wannan ba.

Shi ma ya tara guzurin Makka, har ya fara maganar fasfo. Shekarar ta zo da fari, rumbunan danginmu suka ƙare tun kafin bazara, guzurin ya koma buhunan hatsi. Ban ji ya sake tada maganar ba. A shekarun nan ne mahaifiyata, ƙanwarsa, ta rasu, ya ɗauko ni ya kawo gidansa. Ranar da na iso na ƙi ci na ƙi sha. Ya shiga ɗaki ya fito da ɗan ruwan ɗorawan nan, wanda ko Inna ba ta taɓawa, ya sa mini a hannu ya ce, "Riƙe mini, hannu biyu, zan je in dawo." Ya fita ya daɗe. Ina tsoron in ajiye, ina tsoron in yi kuka hawaye ya zuba a kai, har na gaji na ce Inna ta ba ni fura a baki.

Ba kowa ya ɗauki abin da sauƙi ba. Wani malami da ya dawo daga karatu da zafinsa ya zo har zaure ya ce gumaka ne Kawu ya tara, mala'iku ba za su shiga gidan ba. Kawu ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Malam, duba da kyau. Akwai mai ido a cikinsu? Akwai mai baki? In sirdi gunki ne, to su ma gumaka ne." Malam ya tashi da fushi, suka yi kusan shekara gaisuwa kawai ke haɗa su. Da uwar malamin za ta tafi hajji, shi da kansa ya riƙo hannunta ya kawo ta zauren, ya zauna a bakin ƙofa yana kallon waje har aka gama.

Rigimar da ta fi kowace daɗewa ita ce tasa da Inna. Inna 'yar makiyaya ce daga kwarin Tarka, a wurinta dukiya ita ce abin da ke haihuwa ko abin da ke cika ciki. Wata rana Kawu ya kai bunsurun da take kiwo kasuwa da sunan za a gyara katanga, ya dawo da kwali a hammata. Ta yi sati ba ta yi masa magana ba, tana ajiye masa tuwo a bakin ƙofa kamar fursuna. Daga ranar ta sa musu suna ƙarafan banza, kuma ba ta canza ba har ya mutu. In ya ce ta zo ta ga sabo sai ta ce, "Yana ba da nono?" Ya ce a'a. Ta ce, "To a gaishe shi." Haka suke, yana tsokana tana harara, kuma ban taɓa ganin ya ci abinci a waje ba in tana gari.

Allah bai ba su haihuwa ba. Mutane sukan ce jiragen ne 'ya'yansa, wasu da tausayi, wasu da ba'a. Wannan ce magana ɗaya da na san tana ɓata masa rai. Na ji ya ce wa wani abokinsa, "Kada ka sake faɗin haka inda za ta ji. Ƙarfe ƙarfe ne." Ya faɗa a hankali, amma abokin bai ƙara ba.

Bayan an yi sadakar bakwai na ɗauki hotunan jiragen da waya, ba da wata niyya ba, don dai in riƙa gani. Wani abokin aikina ya gani ya tura wa wani, har suka kai ga wani mutum a Yamai da ke tara irinsu. Ya kira ni. Tambayar farko da ya yi ita ce ina kwalayen. Na ce an dafa shinkafa da su. Ya ce rashin kwalaye ya rage musu daraja ƙwarai, amma akwai tsofaffi a ciki da ba a yin irinsu yanzu, zai saya in za a ba shi duka a haɗe. Ya faɗi kuɗin. Na sa ya maimaita. Kawu bai bar wani abin kirki ba, gida ne na ƙasa, da gona, da 'yan awaki, da hatsin rumbu. Abin da mutumin ya faɗa ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duka, in an haɗa da jiragen.

Ni ba magaji ba ne. Ɗan ƙanwa ba ya gado in ƙanen mamaci na raye, ko da a gidan ya girma. Magada su ne Inna, wadda ke da rubu'i tunda babu ɗa, sai Kawu Ƙarami, ƙanensa, da wata ƙanwarsu da ke aure a ƙauye. Kawu Ƙarami manomi ne mai iyali da yawa, ba mugu ba ne, bai dai taɓa ganin abin da yayansa ya gani a ƙarafan nan ba. Kafin ranar rabo ya kira mai zubin tukwane ya duba su. Mutumin ya auna ɗaya a hannu, ya kankare cikinsa da wuƙa, ya ce ba ma sanholo ba ne, ba zai yi tukunya ba, sai dai a auna a kilo. Kawu Ƙarami ya ce to ba sai an sa su cikin lissafi ba. Da ma Inna ta aiko daga ɗaki cewa a bar mata su, kowa ya yi mamaki, aka ce a ba ta kyauta, ta ɗauki rubu'inta kuma a awaki da hatsi da kuɗin gona.

Da an tafi a haka, da Inna ta samu jiragen ta kuma samu abin da za ta ci. Abin da ake bukata kawai shi ne in yi shiru. Na kwana biyu ina juya abin, na kasa gaya wa kowa, har matata.

Ranar rabo aka zauna a tsakar gida, Inna na bayan labulen ɗakinta. Malamin da ke rabo tsoho ne mai bin abu dalla-dalla, sai da aka fito masa da komai har galma da butar alwala. Da aka zo kan jiragen aka gaya masa abin da mai tukwane ya ce. Ya gyaɗa kai, har ya buɗe baki zai wuce, sai ya juyo wurina.

"Mushe, an ce kai ka tashi a ɗakin nan. Ka san musu wata daraja da mu ba mu sani ba? Ka faɗa don Allah. Haƙƙin magada ne, kuma shi mamaci ne za a tsare a kai in an ɓoye."

Da cewa ya yi ni za a tsare, wataƙila da na iya ɗauka. Amma ya ce Kawu. Na dubi labulen, ba ya ko motsi. Na faɗi maganar mutumin Yamai, na faɗi kuɗin.

Kawu Ƙarami ya ce, "Waɗannan? La'ilaha illallahu." Ya tashi ya leƙa ɗakin kamar yau ya fara ganinsu. Malam ya ce to tunda haka ne dukiya ce, dole ta shiga rabo: ko a sayar a raba kuɗin, ko wani magaji ya ɗauke su a matsayin rabonsa. Kowa ya ce a sayar, ni ma na ce a sayar, don Inna za ta samu abin riƙe kanta har da ƙari.

Daga bayan labule Inna ta ce, "Malam, rubu'in nawa ya kai su?"

Malam ya ce ya kai, amma in ta ɗauke su ba ta da akuya ko ɗaya, ba ta da damin hatsi, ba ta da komai a gona.

Ta ce, "Na ɗauka."

Na matsa jikin labulen na durƙusa. Na ce, "Inna, ki yi wa Allah. Ke ce fa kike cewa ba sa ba da nono. Me za ki ci?" Kawu Ƙarami ma ya roƙe ta, ya ce ta bar ɗaya ko biyu na tunawa a sayar da sauran. Na ce mai sayen duka yake so a haɗe, sai na ji kamar in ciji harshena. Ta bari muka gama surutunmu sannan ta ce, "Awakin nan bara aka haife su, ba su san shi ba. Waɗannan hannunsa na kansu. Ba za a kai su gidan wani ƙato a Yamai ba ina da rai." Malam ya tambaye ta har sau uku, amsarta ba ta canza ba, ya ce shari'a ba ta hana mutum zaɓen rabonsa. Aka shafa fatiha.

Kawu Ƙarami ya ba ta akuya ɗaya da 'yan dammuna daga nasa, kuma na san ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Da ta fita takaba ƙanenta ya zo ɗaukarta, kamar yadda aka saba, tunda gidan ya zama na magada. Na ce ta biyo ni Damagaram. Ta ce matar kawu ba ta tarewa gidan ɗan ƙanwar miji alhali 'yan'uwanta na raye, so nake a zagi ƙanenta a kasuwa? Ita da kanta ta naɗe jiragen ɗaya-ɗaya cikin tsofaffin zannuwanta, ta jera su cikin manyan kwanonin aurenta, ta hana kowa sa hannu. Ina tsaye ina kallo aka ɗaure kwanonin a bayan mota.

Daminar da ta biyo baya ba ta yi kyau ba a wajensu. Ina aika abin da ya samu, amma albashin malami ɗan kwantiragi, wanda ba a ɗauka aikin dindindin ba, da iyali a ɗakin haya ba ya zuwa ko'ina, kuma abin da ya shiga gidan ƙanenta na gidan duka ne. Da bazara na samu hutu na ɗauki rabin buhun hatsi na tafi. Na sauka Belbeji ranar kasuwa, ina neman amalanken da zai kai ni ƙauyensu. Ina ratsa layin 'yan koli sai na gan shi a kan tabarma, tsakanin kwaɗuna da madubai da batura: wani fari mai jar wutsiya, ba ma cikin waɗanda Kawu ya fi ji da su ba. Taya ɗaya ta fita.

Na tsuguna na tambayi mai kolin inda ya samo. Ya ce wata tsohuwa ce ke kawowa, duk kasuwa ɗaya, ya ba ta abin da za ta auni tiyar hatsi. Ya ce suna da kyau amma ba sa tafiya da wuri, sun yi wa yara nauyi, iyaye sun fi son na roba. Na tambayi sauran da ta kawo a baya, ya ce sun bi duniya, wa zai sani. Na biya abin da ya ce ban yi ciniki ba. Na koma gindin wata bishiya na kira mutumin Yamai, na ce in ya yarda zan roƙe ta ta sayar masa da abin da ya rage. Ya tambayi waɗanda suka fita, na ce ban sani ba tukuna. Ya ce shi jerin ne ya so, ba ragowa ba, in yi haƙuri, Allah ya jiƙan tsohon.

Na same ta a bukkarta a bayan gidan ƙanenta, ta rame har na ɗan tsaya kafin in gaishe ta. Ta yi murna, ta yi mini faɗan ban kawo yara ba. A ƙuryar bukkar ta kafa 'yan sanduna ta ɗora kara, ta jera jiragen kamar yadda matan wajensu ke jera ƙore, manya a baya ƙanana a gaba. Babu ƙura ko kaɗan a jikinsu. Sun ragu ƙwarai, ban ƙirga ba.

Muka yi hira a kan ruwa da tsadar hatsi da waɗanda suka mutu. Ta ce rumbun ƙanenta ya kusa ƙasa, ga jikoki, ita kuma ba za ta zauna tana miƙa hannu a tukunyar da ba ta zuba komai a ciki ba. Ba ta ce ga yadda take zubawa ba, ni ma ban tambaya ba. Can na sa hannu a aljihu na fito da farin nan na ajiye a gabanta.

Ta ɗauka ta juya shi, ta taɓa wurin da tayar ta fita, ta ce, "Da tayarsa na kai shi." Sai ta goge shi da bakin mayafinta, ta kamo hannuna ta sa mini, ta rufe yatsuna a kai.

"Ka saya, naka ne. Kada ka bar mini shi, ɗan nan. In ka bar shi zan sake kai shi."

Na mayar da shi aljihu. Kasuwa mai zuwa ina Damagaram a gaban allo, ita ma ta san haka, shi ya sa ba ta ce in dawo ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabarinsa, ya dubi wadda ya bari.